Tauraron ɗan'adam yana ganin hazo, amma bai san abin da kake shaƙa ba

Da zarar hunturu ya kama, za ka ga ana ta yaɗa taswirar ƙura mai launin ja da ruwan ɗorawa, ko manhajar wayarka ta ba ka lamba ta ce ga ingancin iskar Kano ko Damagaram a yau. Matsalar ita ce ana nuna maka kirdado kamar awo ne aka yi a ƙofar gidanka.

Bari mu fara da abin da taurarin suka iya. Su suka tabbatar da cewa kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin babban tafki da ya ƙafe, yana sahun gaba cikin wuraren da ke tayar da ƙura a duniya. Iska na matsowa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi, ta kwashi ƙurar ta nufo ƙasar Hausa. Tauraron Meteosat na Turai yana ɗaukar hoto duk minti 15, dare da rana, don haka masu hasashen yanayi kan ga tasowarta kafin ta iso. Wannan gargaɗi yana da amfani ga matuƙa jirgi da masu asma.

To ina gizo ke saƙar? Na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua, waɗanda hukumar NASA ta harba a 1999 da 2002, ba ta ƙirga ƙwayoyin ƙura. Abin da take aunawa shi ne yawan hasken rana da ƙura da hayaƙi suka tare, tun daga ƙasa har ƙololuwar sama, a dunƙule. Ƙurar da ke shawagi kilomita uku a sama da wadda ke daidai hancinka suna iya ba da lamba ɗaya. Tauraron CALIPSO, mai tantance tsayin ƙurar da hasken leza, ya daina aiki a 2023.

Na biyu, wannan awon yana buƙatar hasken rana da sararin da ba gajimare. Hayaƙin itacen girki, na janareto da na bolar da ake cinna wa wuta bayan magariba, lokacin da iska ke kwanciya ta danne shi ƙasa-ƙasa, duk yana wucewa ba a gani ba. Alhali shi ne ke cika ɗakin da yara ke kwana.

Na uku, dole a gwada lissafin tauraro da na'urorin ƙasa kafin a yarda da shi. Akwai tashoshin AERONET a Ilorin da Banizumbu ta Nijar, amma su ma sama suke kallo. Na'urorin da ke auna ƙananan ƙwayoyin nan na PM2.5 a tsayin mutum kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a yankinmu, idan aka kwatanta da Turai ko Amurka.

Saboda haka idan manhaja ta ba ka lamba, duba ko daga wata tashar awo ta fito ko lissafin kwamfuta ne. Masu manhajojin ya kamata su rubuta wannan ɓaro-ɓaro, hukumomin muhalli kuma su kafa na'urori a kasuwanni da unguwanni. Kafin nan, in taswira ta nuna kore amma ba ka hango ƙarshen layinku, maƙogwaronka kuma na ƙaiƙayi, sa takunkumi ka rufe taga.