Tafiyar Hutu da Tafiyar Dole: Waiwaye a kan Fim ɗin Shaihu Umar

Da zarar hutu ya ƙarato, hirar ɗalibai ba ta wuce abu biyu: inda kowa ke mafarkin zuwa yawon buɗe ido, da sabon fim ɗin da ake ɗoki. Wani na son duwatsun Kashmir don ya gan su a fim ɗin Indiya, wani kuwa ratsa Sahara bisa raƙumi. Shi mai son Saharar nan ne nake so ya fara kallon Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A cikinsa ma an ratsa Sahara, amma ba don nishaɗi ba. An sace Umar yana yaro, ƙaddara ta kai shi Masar, mahaifiyarsa kuma ta faɗa bauta garin nemansa. A ganina ƙarfin fim ɗin ke nan: hamadar da baƙo ke sha'awa, ga kakanninmu hanyar rabuwa ce. Aibinsa kuwa shi ne jan labari, har mai gaggawa ya ƙosa.

An gyara fim ɗin, aka nuna shi a Balin a 2018. Jama'a, ashe bai kamata mu ɗoke shi fiye da Turawa ba?