Sakalar Masina da Gwadon Gobir

Jama'a, ya kamata mu auna aikin masaƙa da mudun gaskiya. Mutumin Sabon Birni ko Isa in ya ga sakala, watau bargon ulu na Masina, yakan yaba launinta kurum, alhali kuwa ba nan gwanintar take ba.

Tumakin ƙasarmu, irin su Uda, gashi gare su, ba su da ulu. Tumaki masu ulu suna Masina ne, a ƙasar Mali, inda Shehu Ahmadu ya kafa daula a 1818. Can mata ke kaɗa zaren, masaƙan Fulani da ake kira Mabuɓe su saƙa shi ƙwarya ƙwarya, kana a ɗinke. Kowace ƙwarya dabam ake saƙa ta, amma tilas adon baƙi da ja ya haɗu daidai da na 'yar'uwarta. Masaƙi ba ya duban takarda, lissafin duka yana kansa, gadon uba ne.

To, wannan dabara ita ce ta masu saƙa gwado da luru na auduga a ƙasar Hausa. Don haka mai sayen sakala ko gwado ya dubi bakin ɗinki. In zane ya sadu, gwani ne ya yi. In ya kauce, aikin gaggawa ne. Dardumar inji ta fi araha, gaskiya ne, amma in masu saye suka daina bambance gwani da ɗan koyo, wane yaro zai zauna ya koyi lissafin nan?