A dasa ɗoɗɗoya a tulu, ba a baƙar leda ba

Shuka a cikin buhu, bido da gwangwanin tumatir ta fara shiga gidajen mata, daga Maraɗi har ƙauyukanmu na Alasan Mairairai, a yankin Mayahi. Ina goyon bayanta da zuciya ɗaya. Ƙasarmu jigawa ce, damina wata uku ce in ta yi kyau, kuma rijiyoyinmu masu zurfi ne, wasu sai an sa shanu suke jan guga. Wanda ke sayen ruwa da gumi haka ba zai iya garka ba. Amma kofi biyu na ruwan wankin shinkafa ko na alwala sun ishi tushen ɗoɗɗoya ɗaya a yini.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake dashen. Sai ka ga an je wurin da aka yafa iri da tsakar rana, an fizgo ɗan tsiro saiwarsa tsirara, an cusa shi cikin baƙar leda mai cike da rairayi, an ajiye a tsakar gida inda rana ta fi dukan ƙasa. Kafin la'asar ya sunkuyar da kai, jibi ya bushe, a ce ai ɗoɗɗoya ba ta son ƙasarmu. Tana so mana! Baƙar leda ce ke shan zafi ta dafa saiwar.

Dashe yana da ladabinsa. A bari tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida. A jiƙa wurin tun da safe, da yamma a sa cokali a ɗago shi tare da ƙasar da ke riƙe da saiwa. A haɗa rairayi da tsohon takin awaki wanda ya huce, don sabo yana ƙonawa. A huda gindin mazubin, domin ruwan da ya kwanta ruɓar da saiwa yake yi. Sannan kwana uku a inuwar rumbu ko ta bedi kafin a fito da shi rana. In ya kai tsawon tafin hannu a tsinke kansa, zai yi rassa biyu, su ma a tsinke. Da ya fara fure a cire, sai dai wanda aka ware don iri.

Mazubi kuwa, ban ga kamar fasasshen tulu ko tsohuwar randa ba. Yumɓu yana numfashi, yana sanyaya saiwa, kuma tsagar da ta hana shi riƙe ruwan sha ita ce magudanar da shuka ke bukata. Kusan kowane gida da irinsu jingine a bayan ɗaki.

Ban kuma ga dalilin sayen irin Turai na fakiti ba alhali tamu tana nan, ta saba da zafi, ƙamshinta ya fi ƙarfi a miya, kuma iyayenmu sun daɗe suna dafa ta don ciwon ciki, suna ajiye ta a ɗaki saboda sauro. Haka ma sassaben zamani da ya maido da gawo da kalgo a gonakin jihar Maraɗi tun daga shekarun 1980, da kututturen da ke cikin gonar aka yi shi.

Ƴan uwana mata, a ɗora tulun bisa wani abu mai tsawo saboda awaki, kuma a guji dashe cikin tsananin hunturu, don ɗoɗɗoya ba ta jure sanyi. Wadda tata ta kama, ta ba maƙwabciyarta iri.