Mulholland Drive: Mafarkin Mai Alhaki a Wuya

Fim dai suna ya tara. Wani kana tashi daga gabansa ka manta sunan jarumin, wani kuwa sai ya bi ka har kan shimfiɗa ya hana idonka runtsawa. Mulholland Drive, wanda David Lynch ya fitar a 2001, shi ne sarkin masu hana barci, kuma ni har yau ban ga kamarsa ba. Ba ni kaɗai na kamu ba: a bikin fina-finai na Cannes na shekarar Lynch ya raba kambun gwarzon darakta da Joel Coen, sannan a 2016 masharhanta 177 da BBC ta tambaya suka zaɓe shi fim mafi ƙwari na wannan ƙarni. Wanda bai gani ba ya sani zan fasa ƙwan labarin, kuma fim ne na manya, ba a kunna shi a tsakar gida gaban yara.

Dare ne a kan titin Mulholland da ke ratsa duwatsun Los Angeles. An tsayar da mota za a harbe wata mata, sai wasu matasa masu tseren mota suka afka musu. Ta fito da rai, amma ko sunanta ba ta tuna ba. Ta laɓe a wani gida, inda Betty ta iske ta, yarinya mai fara'a da ta sauka daga Deep River ta Kanada da burin zama tauraruwa. Baƙuwar ta ari sunan Rita daga hoton tallar wani tsohon fim a bango. A jakarta akwai damin kuɗi da wani shuɗin mabuɗi. A gefe guda kuma wasu masu ƙarfi a ɓoye sun matsa wa darakta Adam Kesher lallai sai ya ba wata Camilla Rhodes babban matsayi a fim ɗinsa.

Kana cikin bin wannan sawu, wajen kashi uku cikin huɗu na fim ɗin ya wuce, sai Lynch ya kifar da komai. Rita ta zura mabuɗin a wani shuɗin akwati, kyamara ta faɗa cikin duhunsa, muka farka a wata duniya. Betty ta zama Diane Selwyn, 'yar wasan da ba ta samu shiga ba, a wani gida mara haske. Rita ta zama Camilla, tauraruwa mai tashe wadda Diane ta mace a kanta, ita kuwa ta juya mata baya ta koma wa Adam. Bayan wulaƙancin da Diane ta sha a wata liyafa a gidan Adam, ta biya wani makashi ya kawar da Camilla. Alamar an gama aiki ita ce shuɗin mabuɗi.

Fassarar da ta fi karɓuwa, kuma na yarda da ita da zuciya ɗaya, ita ce kashin farko duk mafarkin Diane ne. Tun kafin sunan fim ya fito, kyamara ta nutse a kan jan matashin kai, ana jin numfashi. Ga inda hikimar take: dubi yadda mai laifi ta gyara wa kanta duniya! A zahiri an kashe Camilla, a mafarki ta tsira. A zahiri ta fi ƙarfin Diane, a mafarki ta dawo ba suna ba gata, sai abin da Betty ta yi mata. Adam da ya ƙwace ta, a mafarki an ƙwace masa fim, matarsa ta ci amanarsa, an rufe masa asusu. Makashin ya zama wawan da ba ya iya gama aiki ba tare da ɓarna ba. Rashin samun matsayi kuma ba gazawarta ba ce, maƙarƙashiyar manya ce.

Sai dai Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan ne ya ɗaga fim ɗin sama da wasan ƙwaƙwalwa. Duk inda Diane ta toshe, gaskiya sai ta ɓulla. A gidan abincin Winkie's ta ƙulla cinikin kisan, shi ya sa a mafarki wata mummunar halitta ke zaune a bayan gininsa, wadda ganinta kawai ya kayar da wani mutum da rana tsaka. Ban taɓa jin tsoro a fim irin na wannan wuri ba, kuma babu jini, babu duhu, tafiya ce kawai zuwa kwanar bango. Haka kuma binciken da Betty ke jagoranta da murna ya kai su gidan Diane Selwyn, suka tarar da gawa tana ruɓewa a gado.

Sai kuma dandalin Silencio, da ƙarfe biyun dare. Mai gabatarwa ya faɗa wa 'yan kallo ƙarara cewa babu makaɗa a wurin, duk sautin naɗaɗɗe ne. Rebekah Del Rio ta fito ta rera waƙar Roy Orbison da Sifaniyanci, ba kiɗa, muryarta kaɗai. Ka manta gargaɗin sarai, ƙwalla ta cika maka ido, sai ta yanke jiki ta faɗi, waƙar kuwa ta ci gaba. Lynch ya faɗa maka yaudara ce, ya yaudare ka, kuma hawayen naka na gaske ne. Wane darakta ke iya wannan?

Naomi Watts da ta fito a matsayin Betty da Diane fa, sai dai jinjina! Lokacin ba a san ta sosai ba. Dubi wurin gwajin 'yan wasa: kalaman da ta yi atisayensu da Rita ba armashi, su ne ta maimaita a gaban furodusa da raɗa, har ɗakin ya yi tsit. Sannan ka ga Diane, fuska a bushe, ido a ƙeƙashe, ka rantse wata mace ce daban. Laura Harring da ta fito a matsayin Rita da Camilla ma haka, daga abar tausayi zuwa mai murmushin yanka. Kiɗan Angelo Badalamenti kuwa tun daga motar farko yake sanar da kai makoki ake yi.

To, ragowar tambayoyin fa? Wane ne Kaboyin da ya ce wa Adam zai sake ganinsa sau ɗaya in ya yi daidai, sau biyu in ya kuskure, alhali mu 'yan kallo ne muka sake ganinsa sau biyu? Su wane ne tsofaffin nan biyu da suka rako Betty da fara'a, daga baya suka dawo 'yan mitsi-mitsi ta ƙarƙashin ƙofa suna korar Diane har ta hallaka kanta? Idan gwaggo Ruth, mai gidan da Betty ta iske Rita, ta rasu a zahiri, wa ya leƙo ɗakin bayan akwatin ya faɗi? Ta yaya Diane ta ga gawa kwance yadda ita za ta kwanta? Wasu za su ce ai asalin aikin shirin talabijin ne da tashar ABC ta ƙi a 1999, sai kamfanin StudioCanal na Faransa ya ba da kuɗin kammala shi, don haka zaren da suka rage tarkace ne. Tarihin gaskiya ne, hukuncin ne ban karɓa ba. Lynch yana da damar yanke su, ya bar su, domin zuciyar da ta yi kisa ba ta ba da labari a jere. Ni a wurina tsofaffin nan su ne idon mutanen gida da suka sa mata albarka, wanda ba za ta iya sake kallo ba.

Lynch ya rasu a Janairun 2025 bai taɓa warware ƙullin ba, iyakarsa alamu goma da ya bayar tare da faifan fim ɗin. Madalla da wannan rowa! Labarin na iya rikita ka, amma hassada da kishi da nadamar da ke cikinsa ko yaro ya san su. Ka nemi fim ɗin, ka kashe waya, ka kalle shi, gobe ka sake, sannan ka samo aboki mai taurin kai ku kwana kuna musu.