Ƙin Karɓar Tsofaffin Takardun Naira a Kudancin Kano: Nazari a Kan Fatawoyi Biyu

A watan Fabrairun 2023, ɗan kasuwar da ya sayar da masara a Doguwa ko shinkafa a Tudun Wada yana iya riƙe takardar naira dubu wadda ake karɓa a garinsu, amma a ƙi ta idan ya kai ta wani gari ko ƙofar banki. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ranar 26 ga Oktoba, 2022, ya kuma sa 10 ga Fabrairu, 2023 a matsayin wa'adin ƙarshe bayan ƙarin lokaci. Kotun Ƙoli ta dakatar da wa'adin a ranar 8 ga Fabrairu. Shugaba Muhammadu Buhari ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki, alhali gwamnatocin Kano da Kaduna sun umarci jama'a su ci gaba da mu'amala da dukkansu. A Kano har an rufe wani babban kanti saboda ƙin karɓa.

A wannan yanayi fatawoyi biyu suka yaɗu a majalisun karatu daga Bebeji da Kiru har zuwa Doguwa. Ta farko ta ce mai kanti yana da cikakken zaɓi, domin aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gina ciniki a kan yardar juna. Ta biyu ta ce karɓa wajibi ne, domin aya ta 59 a wannan sura ta yi umarni da biyayya ga shugabanni. A ganina kowace ta riƙe dalili ingantacce, amma ta ɗora shi a kan dukkan surorin mas'alar, alhali hukuncinsu ya bambanta.

Kuskuren fatawa ta farko shi ne rashin rarrabewa tsakanin cinikin da ba a ƙulla ba da bashin da ya tabbata a zimma. Yardar juna sharaɗi ce ta ƙulla ciniki. Amma manomin da ya ɗauki taki bashi da damina, ya zo biya da kuɗin da suke gudana a ranar da aka yi yarjejeniya, ba sabon ciniki ya zo nema ba, sauke nauyi ya zo yi. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil, shi ne idan aka soke fulus, wanda ake bi zai biya da irinsu, ba a komawa ga ƙima sai an rasa su. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma ta yanke a Kuwait a 1988 cewa ana biyan bashi da misalinsa. To idan haka hukunci yake ga kuɗin da aka soke, ina ga kuɗin da kotu ta ce suna nan daram?

Sai dai a yi hattara da kiyasin takarda a kan fulus kai tsaye. Fulus ƙarfe ne mai saura da ɗan daraja ko an soke shi. Takardar da aka soke gaba ɗaya ba ta da komai, kuma tilasta wa mai bin bashi ya karɓe ta cin dukiyarsa ne da ɓarna.

Fatawa ta biyu kuwa ta tsallake tambaya mai nauyi: wane shugaba za a bi sa'ad da fadar shugaban ƙasa da kotu da gwamna suka saɓa? Ta kuma kau da kai daga cutarwar da ke kan ƙaramin mai shago a Kwanar Dangora, wanda zai karɓi tsohon kuɗi da rana, dillalin da yake saro kaya a wurinsa ya ƙi su da safe. Ibn Abidin ya tattauna irin wannan a risalarsa Tanbihur Ruƙud. Ya bambanta tsakanin kasadi na gaba ɗaya, wato a daina mu'amala da kuɗi a dukkan garuruwa, da yanayin da suke tafiya a wasu garuruwa ban da garin masu cinikin. A sura ta biyu ciniki bai ɓaci ba, amma kuɗin sun sami aibi, mai sayarwa yana da zaɓi tsakanin karɓarsu ko karɓar ƙimarsu. Wannan ya fi kusa da abin da ya faru a makonnin nan. Saboda haka ban ga hujjar ɗora zunubi a kan wanda ya ƙi ƙulla sabon ciniki a lokacin ba, matuƙar tsoron asara ta haƙiƙa ne ya hana shi, ko da yake sassauta wa mai neman abinci ko magani shi ne mafi dacewa da mumini.

Uzurin nan yana da iyaka. Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin takardu za su yi aiki har ƙarshen shekarar, Babban Banki ya bi umarnin, sannan a Nuwamban 2023 aka ɗage wa'adin ba tare da sa sabuwar rana ba. Daga nan illar ta gushe, hukuncin da aka rataya a kanta ya gushe tare da ita. Sashe na 20 na dokar Babban Banki ta 2007 ya mai da ƙin karɓar naira laifi, kuma wannan tsari ne da ya dace da maslahar jama'a, don haka binsa ya lazimci kowa. Jita-jitar kasuwa, irin wadda ta sake tashi a ƙarshen 2024, ba ta mai da kuɗi masu aibi.

Abin da fatawoyin biyu suka yi shiru a kansa shi ne ya fi haɗari: musayar tsohuwar dubu da sabuwar ɗari takwas. Tun 1986 Majalisar Fiƙihu ta tabbatar a Amman cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinare da azurfa a babin riba. Naira jinsi ɗaya ce, tsohuwa da sabuwa, kuma fifiko a musayarsu riba ne.

Ya kamata ɗalibin da aka kawo wa irin wannan tambaya ya fara tambayar mai tambaya: bashi ne ko sabon ciniki, kuma kuɗin suna shiga banki ko ba sa shiga? Amsar wannan ita ke fayyace hukunci. Allah ne mafi sani.