"Ingantaccen iri": suna ɗaya, abu biyu

A rediyo, duk irin da ya hito daga hannun masu bincike "ingantacce" ake ce mishi. Geron da INRAN ta zaɓo ta hanyar barbara, ingantacce. Waken SAMPEA 20-T da masu bincike na Zariya suka hiddo a 2019, shi ma ingantacce. Alhali shi waken an dasa mishi ƙwayar halittar wata bakteriya, Bt, don ya kashe tsutsar da ke huda kwanso. Da Faransanci ana cewa OGM. Da Hausa sai a haɗe su a baki ɗaya.

Ni ban ƙi waken ba. Wanda ya ga gonar da tsutsa ta ci ba ya raina irin da ke rage heshin magani. Amma "ingantacce" hukunci ne, kuma an yanke shi tun kahin manomi ya buɗe baki. Burkina ta rungumi audugar Bt a 2008, ta yada ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce. Ita ma hwa ingantacciya ce!

Kuma iri ba ya tsayawa a duwan ɗin Ɗan Isa. In ya iso kasuwar Maraɗi, a tiya za a auna shi, ba takarda, ba suna.