Ƙura, Allo da Tsakuwa: Nazarin Sunayen Abakus

Hukunci biyu ake yawan yanke wa abakus, kuma dukansu na gaggawa ne. Na farko, wai kayan wasan yara ne da Sinawa suka ƙirƙiro, 'yan duwatsu a jikin sanduna waɗanda kwamfuta da wayar hannu suka riga suka yi wa jana'iza. Na biyu, wai bin diddigin sunansa aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ban yarda da ko ɗaya ba. Suna linzami ne, in ji Bahaushe, kuma sunayen da al'ummomi suka raɗa wa wannan kayan aiki suna jan mai karatu kai tsaye zuwa ga abin da ya sa yake aiki. Wanda ya bi su a tsanake zai tarar da cewa duwatsun nan baƙi ne da suka zo daga baya, mai gida shi ne filin da suke zaune a kai.

Tarihin kalmar a Turai gajere ne. Harsunan can sun karɓe ta daga Latin, Latin kuwa ya aro ta daga Girkanci, inda abax yake nufin faifan katako ko falalen dutse. Rumawa sun kira teburin jera kwanukan alfarma da wannan suna, sun kira allon wasa da shi, haka nan dutsen da ake ɗorawa a kan ginshiƙi ya tallafi rufi, ma'anar da magina suke riƙe da ita har yau. Allon marmara da aka tono a tsibirin Salamis a 1846, wanda aka sassaƙa kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, layuka ne a zane a jikinsa, sai mai lissafi ya ɗora tsakuwa yana matsar da su. Babu sanda, babu zare. A gabas ma allo ne ya ba da sunan. Sunan Sinanci, suanpan, haɗin kalma biyu ne, lissafi da faranti. Japanawa suka mayar da shi soroban, Koriyawa suka ce jupan, allon duwatsu. A Sanskirit ana kiran ilmin lissafi patiganita, lissafin allo, Larabawa kuma suka yi amfani da takht, kalmar Farisanci mai nufin katako. Rashawa ne suka bi wata hanya da schoty, daga kalmarsu ta ƙirga, Farisawa suka are ta suka ce chortke.

Tsakuwa ma ta bar zuriya, amma a wani gida. Daga calculus na Latin, 'yar tsakuwa, aka sami kalmomin lissafi na Turawa. Psephos na Girkawa tsakuwa ce kuma ƙuri'a ce, tunda da ita suke zaɓe. A Larabci hasa, tsakuwa, saiwarta ɗaya da ihsa'i, ƙididdiga. Abin lura shi ne, tsakuwa ta ba da suna ga aikin ƙirga, allo kuwa ya ba da suna ga kayan aikin. Ƙirga daban, lissafi daban.

Inda hankalina ya fi kwanciya shi ne a kan ƙura. Masana da dama suna ganin Girkawa ma aro suka yi daga harsunan dangin Larabci, suna kafa hujja da abaq na Ibrananci, wato ƙura. Wasu sun ƙi wannan, suka ce a tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci abax katako ne kawai. Hujjarsu ba ta gamsar da ni ba, domin sun tsaya a kan kalma ɗaya sun kau da kai daga sana'ar. Mawaƙin Rumawa Persius, a ƙarni na farko miladiyya, ya haɗa abakus da zane a ƙura a baiti guda. Indiyawa sun kira aikin lissafi dhulikarma, aikin ƙura. Larabawa sun ce hisabul gubar, lissafin ƙura, kuma lambobin Magrib da Andalus, iyayen waɗanda muke rubutawa a boko, sunansu lambobin gubar. Harsuna huɗu da ba uwa ɗaya ta haife su duka ba, a ce duk sun ambaci ƙura a gindin allon lissafi, wannan ya wuce dace.

Me ya sa ƙura? Saboda tana karɓar rubutu nan take, tana kuma sakinsa nan take, kuma hanyar lissafin da aka gina a kanta gogewa ce ginshiƙinta. A ɗauki 568, a ce za a ƙara mata 275, bisa tsarin da Kushyar ibn Labban ya bayyana a littafinsa na lissafin Indiya wajen shekara ta 1000. Daga hagu ake farawa, daga babban gurbi. Biyar da biyu bakwai, sai a shafe 5 da yatsa a zana 7, allo ya nuna 768. A matsa gurbin gomomi: shida da bakwai sha uku, a shafe 6 a zana 3, a koma baya a shafe 7 a zana 8, allo ya nuna 838. A zo gurbin ƙarshe: takwas da biyar sha uku, a shafe 8 a zana 3, a shafe 3 ta tsakiya a zana 4. Amsa 843. A kowane mataki lamba guda ce tak take sauyawa a kan allo, kuma lamba ce ta gaskiya, jimillar abin da aka tara zuwa lokacin. Ko da an katse mai lissafi a tsakiya, abin da ke gabansa ya riga ya kusa da amsa, saboda manyan gurabu aka fara sallama.

Yanzu a ɗauki soroban, mai dutse ɗaya a sama da ke tsaye a matsayin biyar, da huɗu a ƙasa kowanne ɗaya. Shi ma daga hagu ake farawa, shi ma lamba guda yake nunawa, kuma kowane motsin yatsa gogewa ce da sake rubutu a lokaci guda. In sanda tana ɗauke da bakwai aka ce a ƙara takwas, duwatsun ba za su isa ba, sai a tura ɗaya a sandar hagu a janye biyu a wannan, sha biyar ta fito. Kamar mai shago ne da zai biya ka takwas ba shi da canji, ya ba ka goma ka mayar masa da biyu. Hannun da ke shafa ƙura da hannun da ke tura dutse aiki ɗaya suke yi. Sai dai su duwatsu iska ba ta kwashe su.

Iskar kuwa matsala ce ta gaske. Al-Uqlidisi, wanda ya rubuta littafinsa na lissafin Indiya a Dimashƙa wajen 952, ya yi kukan cewa iska tana kwashe lambobi, ƙura tana ɓata hannu, kuma mutane suna ƙyamar allon saboda a hannun masu duba na bakin hanya suka saba ganinsa. Duk wanda ya san yadda ake kallon mai bugun ƙasa a garuruwanmu zai gane damuwarsa. Sai ya gyara hanyoyin domin su dace da tawada da takarda, inda ba a gogewa. Lissafin makaranta na yau, mai jera matakai a ƙarƙashin juna, amsa ce ga wannan buƙata.

Labarin da ake yawan bayarwa shi ne wai a Turai an yi yaƙi tsakanin masu abakus da masu lambobin Indiya, mabiya masanin lissafi al-Khwarizmi, masu lambobi suka ci. Suna ya ƙaryata wannan. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lambobin a Bijaya ta Aljeriya, ya rubuta littafin da ya yaɗa su a 1202, ya kuma sa masa suna Liber Abaci, littafin abakus, alhali alƙalami yake koyarwa. Makarantun 'yan kasuwa na Italiya da suka biyo baya, makarantun abbaco ake ce musu, kuma da lambobin Indiya suke aiki. Ba a raɗa wa wanda ya yi nasara sunan wanda ya kayar. Mutanen wancan zamani sun san abu ɗaya ne ya sauya riga.

Ra'ayina ke nan, kuma ina riƙe da shi da ƙarfi: lambobin da muke rubutawa abakus ne da aka kwafe a takarda. Gurbin ɗaya-ɗaya, na gomomi, na ɗaruruwa, layukan allon Salamis ne da sandunan suanpan. A kan allo, layin da ba kowa ba ya buƙatar alama, ido yana ganinsa wayam. Da aka koma takarda sai ya zama dole a sa wani abu ya tsare masa wuri, Indiyawa suka ce shunya, Larabawa suka fassara da sifr, dukansu ma'anarsu wofi, mu kuma muka gaji sifiri kamar yadda muka gaji lissafi daga al-hisab.

Masu son kare abakus sukan kawo gasar Tokyo ta 1946, inda Kiyoshi Matsuzaki da sorobansa ya doke sojan Amurka mai injin lantarki da ci huɗu da ɗaya, ko su ambaci yadda UNESCO ta sa lissafin duwatsu na Sin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2013. Gaskiya ne, amma sauri da lambar yabo hujja ce mai rauni. Darajarsa tana cikin nuna wa yaro gurbi da idonsa da yatsansa. Saboda haka in za a ba shi suna da Hausa, kada a jingina shi da carbi don kawai duwatsu sun yi kama. Dutsen carbi ɗaya ne a duk inda ya tsaya, dutsen abakus kuwa yana iya zama ɗaya ko ɗari ko dubu gwargwadon sandarsa. Allon lissafi ya kamata a ce, kuma malamin firamare da ba shi da na saye zai iya zana layi uku a ƙasa, ya sa ɗalibai su tsinto tsakuwa, ya koyar da darasin cikakke.